Rumbun Bayanai da Tambayar da Aka Rubuta Masa

A ƙarshen wani watan Maris, akawun wani shagon sarin kayan masarufi ya kira ni hankalinsa a tashe. Rahoton da kwamfuta ta fitar ya nuna cinikin watan ya zarce abin da ya shiga banki da aljihun tebur nesa ba kusa ba, ko da an haɗa da bashin da ke waje. Mai shagon har ya fara yi wa yaransa wani irin kallo. Na zauna gaban kwamfutar, akawun yana tsaye a kaina yana cewa, "Malam, wallahi ko sisi ban taɓa ba, kuma ai na'ura ba ta ƙarya." Duka maganganunsa biyu gaskiya ne. Babu wanda ya ɗauki kuɗi, na'urar ma ba ta yi kuskuren tarawa ba. Tambayar da aka rubuta mata ce ta sha bamban da wadda ke zuciyar wanda ya rubuta, ita kuwa ta amsa abin da ta gani a rubuce.

Kafin a gane yadda haka ke faruwa, sai an san asalin abin. A shekarun 1960, wanda yake son fito da bayani daga kwamfuta sai ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi, ya bi ta taki bayan taki. A 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila mai suna Edgar Codd, yana aiki a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke San Jose a Amurka, ya kawo wata shawara: a zuba bayanai a cikin jadawali. Kowane layi na kwance yana wakiltar abu ɗaya, kwastoma ɗaya ko rasit ɗaya. Kowane ginshiƙi na tsaye yana ɗauke da siffa ɗaya, kamar suna ko gari ko farashi. Jadawalai kuma su riƙa alaƙa da juna ta hanyar lambar shaida da suka yi tarayya a kai. A 1974 wasu ma'aikatan IBM biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da za a riƙa yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi. Da fari SEQUEL suka kira shi, daga baya ya koma SQL, kuma a 1986 hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta tsayar masa da dokoki. Shi ne manhajojin rumbun bayanai irin su Oracle da MySQL da PostgreSQL da SQL Server suke ji har yau, kowanne da karin harshensa. Ƙaramin cikinsu, SQLite, yana zaune a cikin kowace wayar Android da iPhone.

Abin da ya bambanta wannan harshe shi ne, kai abin da kake so kawai za ka faɗa, zaɓen hanya na rumbun ne. Idan aka rubuta SELECT suna FROM kwastoma WHERE gari = 'Kano', ma'anarta ita ce: ba ni sunaye, daga jadawalin kwastoma, inda gari yake Kano. Kamar ɗan aike ne da aka tura kasuwa, an ce masa ya sayo kaza, ba a ce masa ya bi ta wace ƙofa ba. To, aike iri uku yake lalacewa. Ko ɗan aiken ya dawo ya ce bai gane saƙon ba, wannan shi ne saƙon kuskure da ke fitowa a allo, kuma shi ya fi sauƙin gyara domin ya nuna kansa. Ko ya biyo doguwar hanya ya ɓata wa mutane lokaci. Ko kuma ya dawo da wuri, fuska a sake, ya miƙo abin da ba shi ake nufi ba. Na ukun nan shi ne wanda ke sa a zargi akawu.

A shagon da na ambata, jadawali uku ne: na kwastomomi, na rasit, da na biyan kuɗi. An raba su haka ne domin kwastoma ɗaya yana da rasit da yawa, rasit ɗaya kuma ana iya biyan sa kaɗan-kaɗan. Kalmar da ake gama jadawali biyu da ita ita ce JOIN. Mutane da yawa suna ɗaukar ta kamar liƙa takarda a gefen takarda. Abin da take yi a zahiri shi ne, ta ɗauki kowane layi a jadawalin farko, ta nemo duk layukan da suka dace da shi a na biyun, ta fitar da sabon layi ga kowace dacewa. Mu ɗauka wata Hajiya ta sari kaya na naira 60,000, ta biya sau uku, dubu ashirin-ashirin. A jadawalin rasit layinta ɗaya ne. Da zarar an gama shi da jadawalin biya, ya zama layi uku, kuma kowanne yana ɗauke da 60,000 ɗin nan a ginshiƙin jimlar rasit. Aka ce wa rumbun ya tara wannan ginshiƙi, ya tara, ya ba da 180,000. Wanda ya biya gaba ɗaya lissafinsa ya fito daidai, shi ya sa aka daɗe ba a lura ba, sai watan da masu biya kaɗan-kaɗan suka yi yawa.

Maganin shi ne a fara tattara biyan kowane rasit ya zama layi ɗaya, sannan a gama. Akwai wata gajeriyar hanya da ke ruɗin masu koyo, wato kalmar DISTINCT, wadda ke zubar da abin da ya maimaitu. Idan aka ce a tara adadin da ba su maimaitu ba, 180,000 za ta koma 60,000, sai a ɗauka an yi nasara. Amma ranar da kwastoma biyu suka sari kaya na 60,000 kowannensu, ɗaya daga cikinsu zai ɓace daga lissafi. A ganina, duk inda aka ga DISTINCT a tambayar da ke tara kuɗi, ya kamata a tsaya a binciki dalilin sa ta, domin sau da yawa rufe ciwo aka yi da ita. Tambayar da ke tona wannan matsala guda ɗaya ce: layi ɗaya a cikin sakamakon nan, me yake wakilta? Rasit ne, ko biya? A ƙirga layuka kafin gami, a sake ƙirgawa bayansa. In adadin ya ƙaru ba da nufi ba, an gano inda kuɗin ke hayayyafa. In kuwa aka manta da sharaɗin gamin gaba ɗaya, layi 1,000 da layi 1,000 miliyan guda za su haifar.

Abu na biyu da ya fi ɗaure kai shi ne NULL. Wannan alama ce da rumbu ke sakawa a gurbin da ba a cike ba, kuma ma'anarta "ba a sani ba". Ta bambanta da sifili, domin wanda bashinsa sifili ne an san ba a bin sa komai, wanda gurbinsa ke NULL kuwa ba a san matsayinsa ba. Daga nan sai hukunci a SQL ya kasu uku maimakon biyu: gaskiya, ƙarya, da ba a sani ba. A ajiye buhu biyu a ɗaure a tambaye ka, abin da ke cikinsu iri ɗaya ne? Ba za ka ce e ba, ba za ka ce a'a ba. Haka rumbun yake yi. Shi ya sa rubuta gari = NULL ba ya kawo komai, sai an rubuta gari IS NULL. Sashen WHERE kuma layin da hukuncinsa ya fito gaskiya kawai yake bari ya wuce. Saboda haka idan aka nemi kwastomomin da garinsu ba Kano ba, waɗanda ba a rubuta garinsu ba ba za su fito ba. A nemi na Kano, nan ma babu su. A haɗa adadin biyu, sai a ga bai kai yawan kwastomomin ba.

Inda wannan ya fi cizo shi ne a NOT IN. Mai shago yana son sunayen waɗanda ba su taɓa sayen komai ba, sai a rubuta: ba ni kwastomomin da lambarsu ba ta cikin lambobin da ke jadawalin rasit. Idan akwai rasit ɗaya tak na wani mai wucewa da ba a rubuta lambarsa ba, amsar za ta fito wayam, babu ko layi ɗaya, babu kuma saƙon kuskure. Dalilin yana da hankali in aka bi shi. Rumbun yana tambayar kansa, shin lamba 7 ba ta cikin 3, da 5, da wata da ba a sani ba? Tabbas ba 3 ba ce, ba 5 ba ce, amma ta ukun nan tana iya zama 7 ɗin. Hukunci ya zama "ba a sani ba", kuma haka zai fito ga kowane kwastoma. Masu sana'ar sun fi amfani da NOT EXISTS a irin wannan wuri, domin ita tambayarta ita ce ko akwai rasit mai wannan lamba, wadda amsarta e ce ko a'a. Haka nan wajen ƙirga da fitar da matsakaici, rumbu tsallake NULL yake yi, kuma duk adadin da aka tara da NULL a layi guda NULL yake komawa. Oracle ma yana da nasa hali, rubutun da babu komai a cikinsa NULL yake ɗaukar sa, alhali PostgreSQL yana bambanta su.

Sai kuma batun jeri. Ana fara rubuta tambaya da SELECT, amma a ma'ana ba daga nan rumbu ke farawa ba. Yana fara haɗa jadawalai, sannan ya tace layuka da WHERE, sannan ya kasa su rukuni-rukuni da GROUP BY, ya tace rukunonin da HAVING, sai ya zaɓi ginshiƙan da za a nuna, daga ƙarshe ya jera da ORDER BY. Wanda ya riƙe wannan jeri, rabin saƙonnin kuskure sun daina ba shi mamaki. Ba za a iya cewa WHERE jimla ta haura miliyan ba, domin a wannan mataki ba a riga an tara jimlar ba, aikin HAVING ne. Jerin nan ne kuma ke bayyana tarkon LEFT JOIN, gamin da ke riƙe kowane layi na jadawalin hagu ko da bai sami abokin dacewa ba, ya cike gurbin abokin da NULL. Ana son duk kwastomomi da cinikinsu na Maris, har da waɗanda ba su sayi komai ba. Aka yi gamin daidai, sai aka sa sharaɗin watan a WHERE. Waɗanda ba su saya ba kwanan watansu NULL ne, tacewar ta zubar da su, wato mutanen da aka yi gamin domin su. Sharaɗin a cikin ON, wurin da ake bayyana gamin, ya kamata ya zauna.

Akwai ƙanana da ba sa bukatar dogon bayani. AND tana ɗaurewa kafin OR, don haka "Kano ko Zariya kuma ana bin sa bashi" zai kawo duk mutanen Kano, masu bashi da marasa shi, muddin ba a killace garuruwan biyu a cikin baka biyu ba. In ba a rubuta ORDER BY ba, babu alkawarin jeri, ko da shekara aka yi sakamako yana fitowa a jere. A PostgreSQL da SQL Server, 7 a raba 2 yana ba da 3 in duka lambobin cikakku ne, a MySQL kuwa uku da rabi.

Wata matsala kuma ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta Hausa. A SQL, da waƙafin sama guda ake buɗe rubutu a rufe shi, ga shi kuwa sunayenmu cike suke da shi: Sa'adu, Asma'u, Mu'azu. Manhajar da ke ɗaukar suna ta liƙa shi kai tsaye a cikin tambaya, in ta zo kan Sa'adu sai rumbu ya ɗauka rubutun ya ƙare a "Sa", ragowar kuma umarni ne da bai gane ba. Wannan ya wuce ɓacin rai a wurin rajista. Ƙofar da ta hana Asma'u shiga, ta nan ne ɓarawon intanet ke cusa nasa umarnin ya kwashe bayanai. Gyaran guda ne, a aika tambayar daban da gurabe a cikinta, a aika sunan daban, yadda rumbu ba zai taɓa karanta suna a matsayin umarni ba. Sannan ga haruffa masu lanƙwasa. A wurin na'ura ɗ da d haruffa biyu ne, haka ƙ da k, don haka Ɗanjuma da Danjuma mutum biyu ne. Abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar. Lambar waya kuma in aka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin farko na 0803 faɗuwa yake yi. Shi ya sa ba a gama jadawali da suna, da lambar shaida ake gamawa.

Yanzu ga ɗan aiken da ke biyo doguwar hanya. Tambayar da ke dawowa nan take lokacin da layuka suke dubu biyu, tana iya cin mintuna in sun kai miliyan biyu, domin in babu mataimaki sai rumbu ya karanta jadawalin daga farko har ƙarshe. Mataimakin shi ne fihirisa, irin wadda ke bayan littafi: jerin ƙimomi a tsare, kowanne da nunin inda layinsa yake. Yawancin rumbuna suna gina ta da wani tsari mai rassa da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a cibiyar binciken Boeing a farkon shekarun 1970, wanda ke kai mutum ga layi ɗaya cikin miliyoyi da taki uku ko huɗu. Wanda ke yanke shawarar a bi fihirisa ko a karanta duka shi ne wani sashe na rumbun da za mu iya kira mai tsara hanya. Tushen aikinsa yana cikin wata maƙala da Patricia Selinger da abokan aikinta na IBM suka fitar a 1979: a auna hanyoyi daban-daban, a ƙiyasta wahalar kowacce, a ɗauki mafi sauƙi. Ƙiyasin yana dogara ne da ƙididdigar da rumbu ke ajiyewa game da kowane jadawali, layuka nawa ne, ƙimomi iri nawa ne a kowane ginshiƙi.

Abin daɗi shi ne ana iya tambayar sa hanyar da ya zaɓa. A sa kalmar EXPLAIN a gaban tambaya, sai ya zayyano shirinsa. A PostgreSQL, EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da tambayar da gaske, ya nuna layukan da ya zata a kowane mataki da waɗanda ya tarar. Nan ne ido ya kamata ya fara sauka. In ya zaci layi 10 ya tarar da 400,000, to sau da yawa ƙididdigarsa ce ta tsufa, ya tsara tafiya da taswirar bara, kuma umarnin ANALYZE, ba tare da EXPLAIN ba, kan sabunta ta. Sai dai a kula, tunda EXPLAIN ANALYZE gudanarwa yake yi da gaske, in aka gwada shi a kan umarnin gogewa, gogewa zai yi.

Sau da yawa fihirisar tana nan, yadda aka rubuta tambayar ce ta hana a yi amfani da ita. Ƙamus yana saurin kai ka ga kalmomin da suka fara da "ba", amma in aka ce ka nemo waɗanda suka ƙare da "ba" sai ka karanta shi duka. Haka neman suna da LIKE yake in aka bar farkon a buɗe. Haka kuma in aka ce a ciro shekara daga kowane kwanan wata a gwada ta da 2024, an tilasta wa rumbu ya taɓa kowane layi, alhali da an ce daga 1 ga Janairun 2024 zuwa kafin 1 ga Janairun 2025, da ya buɗe fihirisa ya yanko yankin kawai. Fihirisa mai ginshiƙi biyu, gari sannan suna, tana taimakon mai neman gari, amma ba ta cika amfanar mai neman suna shi kaɗai ba. Kuma ba kullum ƙin bin fihirisa ke zama laifi ba: in kashi tara cikin goma na kwastomomi mutanen Kano ne, karanta jadawalin duka ya fi tsalle-tsalle sauri. Ita ma fihirisar tana da kuɗinta, domin duk sabon layi sai an shigar da shi a kowacce. Wani lokaci ma tambayar ba ta da nauyi, jira take yi, wani ya fara gyara layi bai kammala ba, ya tafi da makulli a hannunsa.

Na fi ba tambaya mai ƙarya da sauri muhimmanci a kan mai gaskiya da nawa, domin ta biyun kowa yana ganin ta, ta farkon kuwa sai ta shiga rahoto an yanke hukunci a kanta. Hanyar da na fi amincewa da ita wajen bincike ba ta da wani sirri. A warware doguwar tambaya a koma jadawali ɗaya, a ƙirga, a ƙara gami ɗaya, a sake ƙirgawa, har a iso matakin da adadi ya karkace. A zaɓi kwastoma ɗaya da aka san lissafinsa a takarda, a bi shi ta kowane mataki. In gyara ko gogewa za a yi, a fara gwada sharaɗin da SELECT a ga layukan da zai shafa, sannan a buɗe aikin da BEGIN, a duba adadin da ya canza, in bai yi daidai ba ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake.

Haka muka yi a shagon. Akawun ya ɗauko littafin rasit na takarda, muka bi Hajiya mai biya uku, muka gyara gamin. Sai sabon adadin ya faɗo ƙasa da na littafi. Kuskuren farko ashe ya lulluɓe na biyu. An rubuta tambayar da BETWEEN, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Maris, ginshiƙin kuwa yana ajiye rana da lokaci tare. In aka ba rumbu rana babu lokaci, ƙarfe goma sha biyun daren da ranar ta fara yake ɗauka, don haka duk cinikin 31 ga wata, tun daga buɗe shago har rufewa, yana wajen lissafi. Na kuma duba agogon rumbun, domin da yawa ana saita su ne a lokacin UTC, wanda Nijeriya da Nijar suke gaba da shi da awa ɗaya, sai dai shagon ba ya ciniki da tsakar dare, wannan bai shafe su ba. Muka mayar da sharaɗin ya zama daga 1 ga Maris zuwa kafin 1 ga Afrilu. Akawun ya bi ginshiƙin da yatsa yana gwadawa da littafinsa shafi bayan shafi, ya kai ƙarshe, sannan ya ɗaga waya ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, lissafi ya haɗu."